Taurin Sifirin Da Hanyoyinmu: Shawara Ga Masu Son Sa Wa Mota Koyiloba

'Yan uwa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, har zuwa Sabon Badun da Sabon Shagamu, yau maganar mota na zo da ita. Na san wani zai ce mene ne haɗin zaman baƙunci da ƙarafan mota? To haɗin babba ne. Da yawa daga cikinmu da mota muke neman abinci, da ita muke kai yara makaranta, kuma idan Sallah ta gabato mu loda iyali da tsaraba mu kama hanyar gida, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye da haka. Duk abin da ya taɓa ƙafar wannan mota ya taɓa rayukan da ke cikinta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yayin da na ga ya shigo a tsakanin samarinmu, wato sa wa mota abin da ake kira koyiloba. Ga wanda bai sani ba, koyiloba shakazoba ce da aka naɗe ta da sifirin, jikinta kuma yana da zare irin na noti, ta yadda za ka iya murɗawa ka ɗaga mota ko ka sauke ta, ka kuma cire sifirin ɗin ka sa wani mai tauri ko mai laushi. Kamfanoni irin su Bilstein da KW na Jamus, da Tein na Japan, da BC Racing na Taiwan duk suna ƙera ta. Wasu suna yin odarta daga waje, wasu kuma su samo ta hannu a kasuwar kayan gyara ta Ladipo. Ni ban ga laifin abin ba, don kayan aiki ne mai kyau ƙwarai idan ya samu wanda ya san shi. Abin da ke damuna shi ne maganar da nake yawan ji a bakin samarin, cewa gwargwadon taurin sifirin, gwargwadon yadda mota za ta riƙe hanya. Wannan magana akwai gyara a cikinta, kuma gyaran ne nake so mu yi tare.

Mene Ne Taurin Sifirin?

A shekarar 1678 wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: gwargwadon nauyin da ka ɗora wa sifirin, gwargwadon yadda zai lotsa. Idan ka ninka nauyin, lotsawar ma ta ninka. Da wannan ake auna tauri. Idan ka ga an rubuta 8K a jikin sifirin, ana nufin sai ka ɗora masa kilo 8 kafin ya lotsa da milimita 1. Kilo 80 zai lotsar da shi milimita 10, kilo 400 kuma milimita 50. Amurkawa su da fam da inci suke lissafi, kuma kilo 1 a milimita daidai yake da kimanin fam 56 a inci. Saboda haka sifirin da Amurkawa suka rubuta wa 450, shi ne dai mai 8K ɗin nan. Mai saye ya kula da wannan, kada a ruɗe shi da girman lamba.

To mai karatu, mene ne ma aikin sifirin a mota? Yawancinmu mun ɗauka don jin daɗin fasinja aka sa shi. Wannan gaskiya ne, amma akwai aikin da ya fi shi muhimmanci, wato danne taya a ƙasa. Duk girman mota, abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki da sitiyari da totur, dukkansu ta waɗannan wurare huɗu suke aiki. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sifirin ne zai bar ta ta bi hanyar yadda take, ba tare da ta rabu da ƙasa ba. Idan ya yi tauri fiye da kima, sai tayar ta riƙa tsalle, kuma duk lokacin da take sama ba birki ba sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Ka ga ke nan ko ɗan ƙiftawar ido taya ta yi a sama, an yi tafiya mai tsawo ba da ikon direba ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, idan ka sa sifirin mai tauri, mota tana daina kwanciya gefe a kwana, kuma da ka taɓa sitiyari take amsawa. Sai direba ya ji kamar motar ta ƙara riƙe hanya. A filin tsere mai laushi kamar faranti, wannan yana da amfani. Amma nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a lokacin kwana, abin da ke yanke yawansa shi ne nauyin motar da tsayinta daga ƙasa da faɗin tsakanin tayoyinta da kuma gudun da aka shiga kwanar da shi. Taurin sifirin kusan bai rage shi da komai. Ji a jiki daban, riƙon taya daban.

Lambar Kwali Da Abin Da Taya Ke Ji

Ga wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Taurin da aka rubuta a jikin sifirin ba lallai ne ya zama shi taya ke ji ba, domin ya danganta da inda aka kafa shi. A motoci irin su Corolla da Camry, ƙafar gaba irin wadda injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro ce, inda shakazoba da sifirin suke tsaye kusan a kan tayar. Idan taya ta motsa milimita 10, sifirin zai motsa wajen 9 da rabi. Amma a Honda Accord ta 2003 zuwa 2012, irin su End of Discussion da Evil Spirit, ƙafar gaba hannu biyu gare ta, sama da ƙasa, kuma a irin wannan ƙira ƙasan shakazoba yana zaune ne a jikin hannun ƙasa, can ciki da tayar. A motoci masu irin wannan ƙafa taya kan motsa milimita 10, sifirin ya motsa 7 kawai ko kusa da haka.

Kamar dai mai ɗaga dutse ne da sanda: gwargwadon nisan hannunsa daga dutsen, gwargwadon sauƙin da zai ji. Lissafin kuma sau biyu ake ninkawa. Idan rabon motsin 0.7 ne, sai ka ce 0.7 sau 0.7, ya ba ka 0.49. Wato sifirin mai 8K, taya 3.9 kawai za ta ji. A ɗaya motar kuwa, 0.95 sau 0.95 ya ba ka 0.9, taya ta ji 7.2. Sifirin ɗaya, mota biyu, amma bambancin ya kusa ninki. Don haka idan abokinka ya ce maka shi 8K ya sa kuma motarsa lafiya lau, ka fara tambayarsa wace irin mota ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yadda Ake Lissafin

Injiniyoyi ba daga lambar sifirin suke farawa ba. Suna farawa ne da tambayar sau nawa jikin mota zai yi sama da ƙasa a cikin sakan ɗaya idan an danna shi an saki, a ce babu shakazoba. Motocin gida yawanci suna tsakanin sau 1 zuwa 1.5 a sakan. Motocin gudu da aka yi don titi suna tsakanin 1.5 zuwa 2. Daga 2 zuwa sama an fara shiga sahun motocin tsere.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan ba tare da dogon lissafi ba. Ka duba yawan lotsawar da nauyin mota zai yi a wajen taya. Idan milimita 250 ne, rawar motar sau 1 ce a sakan. Idan 110 ne, sau 1.5. Idan 62 ne, sau 2.

Bari mu ɗauki misali da mota mai nauyin kilo 1,500, mai ja da ƙafar gaba. Irin waɗannan motoci kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsu a gaba yake, wato kilo 900, kowace taya 450. Ka cire nauyin tayar da birkinta da sauran ƙarafan da ba a kan sifirin suke ba, mu ce kilo 50, saura 400. Idan kana son sau 1.5, sai ka raba 400 da 110, ka samu kimanin 3.6 a wajen taya. Ga mai ƙafa irin ta Camry, ka raba 3.6 da 0.9, sifirin mai 4K ke nan. Ga mai rabon 0.7, ka raba da 0.49, ka samu wajen 7.4K. Yanzu ka ɗauki 8K ɗin nan da ake yayi ka sa wa mai ƙafa irin ta Camry. Lotsawar za ta dawo milimita 55, rawar ta haura sau 2 a sakan. Ka mayar da motar kai yara makaranta motar tsere, alhali hanyar da za ta bi ita ce dai ta unguwarku, da ramukanta da tudun rage gudunta.

Gaba Da Baya

Bayan an san taurin gaba, sai na baya, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa. Ƙa'idar ita ce, ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe a kwana, kuma shi ke fara sakin hanya. Idan gaba ya yi tauri da yawa, za ka karya sitiyari mota ta ƙi bi, ta nufi waje da hancinta. Idan baya ne ya yi tauri da yawa, sai bayan ya zame ya nemi ya wuce gaba, motar ta juya da kai. Na farkon idan ka ɗaga ƙafa daga totur yawanci mota tana dawowa hanya. Na biyun kuwa sai gwanin direba, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko gwanin ma sai Allah Ya kiyaye. Shi ya sa kamfanoni suke fito da motocin gida da ɗan karkata zuwa na farkon.

Akwai kuma darasin da wani injiniya Bature mai suna Maurice Olley ya gano a shekarun 1930 yana aiki da kamfanin General Motors. Tayar gaba ce ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo. A mota mai tsawon mita 2.8 tsakanin tayoyi, a gudun kilomita 100, tazarar kashi ɗaya cikin goma ce ta sakan. Idan rawar baya ta ɗan fi ta gaba sauri, da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, sai bayan ya cim ma gaban, motar ta tashi ta sauka gaba ɗaya maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa kamar raƙumi. A misalinmu, idan gaba 1.5 ne, baya sai ya zama wajen 1.65. Da yake kowace tayar baya kilo 250 take ɗauke da shi, taurin da ake so a wajen taya kimanin 2.7 ne.

To a nan ne halinmu ya bambanta da na waɗanda aka yi wa kayan. Wanda ya zauna a Japan ko Jamus ya zaɓi wannan sifirin, mai yiwuwa direba ɗaya da abokinsa ya sa a lissafi. Mu kuwa ranar tafiya gida mutum uku ne a baya, ga yaro a cinya, ga but cike da goro da manja da gari da atamfofin tsaraba. A ce an ƙara kilo 140 a kan kowace tayar baya. Da taurin 2.7, bayan zai sauka da milimita 50 da ɗoriya, rawarsa kuma ta faɗo zuwa wajen 1.3, ƙasa da ta gaba. Idan da ma ka riga ka sauke motar da milimita 40 don ado, ina sauran wurin da taya za ta motsa? Ramin farko da za ka ci karo da shi tsakanin Ilori da Jebba, shakazoba za ta buga ƙarshenta. A wannan lokacin kamar babu sifirin ne gaba ɗaya, ƙarfe ke dukan ƙarfe, kuma a irin haka ne taya ke fashewa ko gindin inji ya daki ƙasa mai ya tsiyaye a dokar daji.

Saboda haka tsayi da tauri a haɗe suke. Duk wanda ya sauke mota ƙasa sosai, ya rage wa taya wurin motsi, dole ya ƙara tauri don kada ta buga, taurin kuma ya hana ta bin hanya. Yawancin motocin gida tsakaninsu da ƙasa santimita 13 ne zuwa 16, kuma duk wanda ya yi damina ɗaya a Ikko ya san ko wannan ma ba ya isa. A ganina mutum ya fara yanke tsayin da hanyarsa za ta yarda da shi, sannan ya nemi sifirin mafi laushi da zai riƙe motar da kayanta ba tare da ta buga ba.

Abubuwa Uku Da Ake Yawan Ruɗewa A Kai

Na farko, shakazoba. Sifirin ajiye ƙarfi yake yi ya mayar, shakazoba ce ke kashe rawar. Idan ka ninka taurin sifirin, ƙarfin da ake bukata daga shakazoba yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Sifirin mai tauri a kan shakazoba mai rauni, mota za ta yi ta tsalle kamar ƙwallo. Kowace koyiloba akwai iyakar taurin da aka yi ta dominsa, sai a duba takardarta kafin a canza. Sau da yawa ma motar da mai ita ke kuka da ita cewa tana lilo, shakazobarta ce ta mutu, sifirin lafiyarsa ƙalau.

Na biyu, murɗa zoben da ke ƙarƙashin sifirin. Wasu sun ɗauka idan suka matse shi sun ƙara tauri. Ga sifirin da zagayensa yake daidai da juna, matsewa ba ta canza taurinsa ko kaɗan, tsayin mota kawai take ɗagawa, ta kuma rage wa taya damar sauka cikin rami. Mai 6K ko ka matse shi yana nan 6K.

Na uku, yanke sifirin ko gasa shi da wutar walda don mota ta sauka. Yankewa tana ƙara tauri, domin gwargwadon raguwar zagaye, gwargwadon ƙaruwar tauri: idan zagaye 8 ne ke aiki ka cire 1, taurin ya hau da kashi 14 cikin 100, kuma sifirin yana iya fita daga mazauninsa idan taya ta sauka. Gasawa kuwa kashe ƙarfen take yi, wata rana ya karye ba sallama. Araha ba ta ado.

Abin Da Nake Ba Ƙannena Shawara

Idan ƙanena ya zo ya ce Yaya ina son koyiloba, abin da nake fara ce masa shi ne ya duba iskar tayoyinsa da shekarunsu, da bushin, da shakazobar da ke jiki. Taya mai kyau ta fi kowane sifirin tasiri a kan riƙon hanya. Idan duk wannan lafiya kuma yana nan a kan bakansa, sai mu zauna da biro da takarda. Mu nemo nauyin motar a littafinta, mu duba takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, wadda a motocin da aka shigo da su daga Amurka take nuna iyakar nauyin da ƙafar gaba da ta baya za su ɗauka. Mu ɗaga motar a jak, mu motsa taya mu auna yadda shakazoba ke motsi, don mu san rabon. Sannan mu yi lissafin a kan sau 1.4 zuwa 1.6 a gaba. Wannan ya isa mota ta daina lilo, ta amsa sitiyari da kyau, kuma ta bar wa taya damar bin gargada. Bayan kuma mu lissafa shi sau biyu, da kaya da babu kaya, mu zaɓi abin da zai yi wa duka biyun adalci.

Bayan an ɗaura, dole a je a yi alayimen, domin canza tsayi yana karkatar da tayoyi. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: ka ɗaura 'yar igiyar robar nan ta ɗaure waya a jikin sandar shakazoba, ka tura ta ta zauna a bakin jikin shakazobar, ka bi hanyar da ka saba bi da kayan da ka saba ɗauka. Idan ka dawo ka tarar an tura ta har ƙarshe, motar tana bugawa, sai a ɗaga ta ko a ɗan ƙara tauri. Idan ko rabi ba ta kai ba, sifirin ya yi maka tauri. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Gwajin kuma a yi shi a wurin da babu jama'a, kada a mayar da gadar Third Mainland ko hanyar Ikko zuwa Badun filin gwaji. Iyakar gudun ƙananan motoci a babbar hanya kilomita 100 ne a awa, kuma babu sifirin da ya ɗage wannan doka.

'Yan uwa, mu da muka baro gida muka zauna a ƙasar wasu, mun fi kowa sanin cewa abin da ya yi daidai a wani wuri sai an gyara masa zama kafin ya yi daidai a wani. Haka kakanninmu fatake suka yi, ba su ɗora wa jaki kayan raƙumi ba, kuma sai sun tambayi halin hanya kafin su ɗaure kaya. Samarinmu masu sha'awar mota, sha'awarku ba laifi ba ce, ilimi ne ma babba a cikinta ga wanda ya tsaya ya koya. Amma ku tuna a motar nan Hajiya za ta zauna, da matanku da 'ya'yanku. Ku auna nauyinku, ku auna hanyarku, sannan ku sayi sifirin.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.